Yadda Ake Gane Tsohon Zanen Sojoji Na Ainihi, A Saye Shi, A Adana Shi

A ƙarshen 1873 da farkon 1874, jaridun Landan masu hotuna sun yi ta buga zanen wasu baƙaƙen sojoji da suke kira "Houssas". Lokacin Ingila na yaƙi da Asante a ƙasar da yau ake kira Gana, kuma cikin rundunar akwai dakarun da wani hafsan Ingila, John Glover, ya fara tarawa a Legas a 1863, waɗanda sojan Nijeriya ke ɗauka a matsayin tushensa. Shafukan jaridun nan har gobe suna yawo a hannun dillalan tsofaffin takardu na Turai da Amurka, ana sayar da su ɗai-ɗai ta intanet. Kusa da su kuma akwai kwafin da injin zamani ya buga jiya, aka jiƙa shi da ruwan shayi don ya yi kama da tsoho.

Wanda ya ga irin wannan zane, idonsa kan tafi kai tsaye ga fuskokin sojojin da bindigoginsu. Nan ake cin mutum. Hoton shi ne abin da ya fi sauƙin kwaikwaya, don haka shi za ka duba a ƙarshe. Ka fara da takarda, ka bi ta kan tawada, ka karanta ƙananan rubutun ƙasa, sannan ka ɗaga kai ka kalli sojan.

Kayan aikin ba su da yawa: madubin ƙara girma mai ninki 10 irin na masu gyaran agogo, ƙaramar tocila, rula, fensir, da faffaɗan farin kwali mai tsabta da za ka shimfiɗa takardar a kai. Ka wanke hannu ka bushe shi sosai, kada ka shafa mai.

Mataki na 1: San abin da kake nema da sunan da aka ba shi

Zanen sojoji teku ne. Akwai jerin zane 18 na Jacques Callot da aka buga a 1633, masu nuna ɓarnar sojoji a ƙauyuka da irin hukuncin da ake yi musu. Akwai na Goya kan yaƙin Sifaniya da sojojin Napoleon. Akwai na William Simpson kan yaƙin Kirimiya da aka buga a 1855 zuwa 1856, da ɗaruruwan zanen kayan sarki na Richard Knötel da suka fara fita a Jamus a 1890. Wanda ya ce zai tara duka, ba zai ƙware a ko ɗaya ba. Zaɓi yaƙi ɗaya, ko runduna ɗaya, ko jarida ɗaya.

Idan na yankinmu kake so, sai ka koyi yadda Turawan wancan zamani ke rubuta sunaye, in ba haka ba bincikenka zai dawo fayau. Hausa takan zo a "Houssa" ko "Haussa", Faransawa kuma su rubuta "Haoussa". Asante "Ashantee" ce, Kumasi "Coomassie", Borno "Bornou", Bagarmi "Begharmi". Da waɗannan za ka nema.

Mataki na 2: Ɗaga takardar sama

Riƙe ta da hannu biyu, ka sa haske a bayanta. Takardar da aka yi da hannu kafin wajen 1800 takan nuna siraran layuka a matse, sai kuma wasu layukan da suka gitta su, tsakaninsu kamar santimita 2 zuwa 3. Sawun ragar wayar da aka tace kwaɓin takardar a kai ke nan. Wanda ya taɓa riƙe tsofaffin littattafan malamanmu na hannu ya san wannan, domin da yawansu a kan takardar Italiya mai alamar jinjirin wata uku aka rubuta su, kuma sai an ɗaga ta sama alamar ke fitowa. Takarda mai sumul marar layi kuwa James Whatman ne ya fara yin ta a Ingila a shekarun 1750, ta zama gama-gari bayan 1800.

Alamar cikin takarda shaida ce mai ƙarfi. Bayan 1794 masu yin takarda a Ingila sun riƙa sa shekara tare da sunansu. Idan rubutun ƙasan zane ya ce 1805 amma cikin takarda ka ga 1825, to farantin ƙarfen da aka buga zanen da shi na 1805 ne, bugun kuwa bai riga 1825 ba. Ba jabu ba ne, amma ba bugun fari ba ne, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba.

Yanzu juya bayanta. Shafin jaridar Illustrated London News, wadda ta fara fita a 1842, ko The Graphic ta 1869, kusan kullum yana da rubutun labarai ko wani zanen a baya, takardar siririya ce, tsayinta wajen santimita 40. Idan aka miƙo maka "shafin jaridar 1874" a kan takarda mai kauri, bayanta fari tas, ka tambayi dalili. Akwai manyan zane na musamman da jaridun ke liƙowa a tsakiya ba tare da rubutu a baya ba, amma su za ka ga sawun ninki.

Idan kana da tocilar da ake duba jabun kuɗi da ita, haska takardar a ɗaki mai duhu. Tun daga shekarun 1950 ake zuba wa takarda sinadarin ƙara fari, shi kuwa yakan yi walƙiya shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin wannan haske. Tsohuwar takarda ba ta yi. Rashin walƙiyar bai tabbatar da tsufa ba, amma samuwarta ya kashe magana.

Mataki na 3: Sa madubi a kan tawada

Nan ne aikin yake, don haka a yi haƙuri da tsawonsa. Hanyoyin bugu na da guda uku ne, kowacce da sawunta.

Ta farko ita ce bugun gurbi. Mai zane kan samu farantin jan ƙarfe, daga shekarun 1820 kuma har da na baƙin ƙarfe mai tauri, ya karta layuka a jikinsa da tsinin ƙarfe. Ko kuma ya shafe farantin da kakin zuma, ya zana a kai da allura, ya tsoma shi a asid ya cinye wuraren da allura ta buɗe, wanda ake kira ecin. A cusa tawada cikin gurabun, a goge saman, a ɗora jiƙaƙƙiyar takarda a matse da ƙarfi. Sawu biyu ke biyo baya. Tawadar takan ɗan taso a kan takarda, idan ka kwantar da hasken tocila daga gefe za ka ga layukan da suka fi duhu suna da tudu. Sannan bakin farantin kan bar shata mai kusurwa huɗu da ta lotsa kewaye da zanen. Layin tsinin ƙarfe yakan fara siriri, ya kumbura, ya ƙare da tsini kamar ƙaya. Na asid kaurinsa ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, bakinsa a dakushe, yana ɗan rawa kamar rubutun alƙalami.

Misalin da ya shafe mu shi ne zanen da ke cikin littafin tafiyar Denham da Clapperton, wanda John Murray ya buga a Landan a 1826. Denham ya isa Kukawa a 1823 zamanin Shehu Laminu, ya zayyana barden Shehu sanye da sulke, da mahayin Sarkin Bagarmi wanda shi da dokinsa ke cikin lifidi, da ɗan Kanembu mai mashi da garkuwa, da ɗan Manga mai kwari da baka. Edward Finden ya sassaƙa su. Waɗannan bugun gurbi ne. Wani lokaci mai ɗinkin littafi ya datse gefen har shatar farantin ta tafi, saboda haka rashinta kaɗai ba hujja ba ce. Samuwarta ma ba hujja ba ce, don masu jabu sun iya danna faranti marar komai a kan kwafi. Ka duba ko tawada ta taso.

Ta biyu bugun tudu ne, kuma da shi aka yi zanen jaridun yaƙin Asante. Ana sassaƙe katako mai tauri a cire duk inda ake so ya fito fari, abin da ya rage a sama shi ke ɗaukar tawada, kamar hatimi. Ba shatar faranti, tawada ba ta tasowa, a madubi kuma za ka ga bakin layi ya ɗan fi tsakiyarsa duhu saboda matsi ya tura tawadar gefe. Ga wata alama da nake so ƙwarai. Itacen da ake amfani da shi ba ya yin kauri, don haka babban zane sai an haɗa ƙananan gutsattsari an ɗaure su da ƙusoshi ta baya. A raba wa masu sassaƙa, kowa ya yi nasa cikin gaggawa don jarida ta fita ranar Asabar, a sake haɗawa. Ka duba sararin sama ko wani fili a zanen, sau da yawa za ka ga siririn farin layi miƙaƙƙe ya ratsa, a tsaye ko a kwance. Mahaɗar ce. Wanda bai sani ba yakan ɗauka aibi ne.

Ta uku bugun dutse ne, litogiraf, wanda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a 1796. Ana zane da alli mai maiƙo a kan lafiyayyen dutse, a shafa ƙaro da ɗan asid, a jiƙa, tawada ta kama inda maiƙo yake kawai. Ƙaron nan dai namu ne na Sahel, ta Senegal da Sudan yake isa Turai. Bugun dutse a shafe yake, a madubi yana kama da zanen alli, ɗige-ɗigensa barkatai ba tsari. Zanen Simpson na Kirimiya irinsa ne.

To, ga abin da ke fallasa kwafin zamani. Idan madubi ya nuna ɗigo-ɗigo a jere reras kamar ragar sauro, ko ƙananan furanni na ɗigon shuɗi da ja da rawaya da baƙi, bugun inji ne daga hoto. Idan ka ga feshin ƙananan ɗigo masu launi a inda ya kamata a ce baƙin layi ne zalla, firintar kwamfuta ce. Zanen 1826 ko na 1874 ba zai taɓa kasancewa haka ba. Sai dai a lura, daga shekarun 1890 jaridu da kansu sun koma buga hoton kyamara da ɗigon raga. Saboda haka shafin 1903 mai nuna cin Kano ko Sakkwato yana iya zuwa da ɗigo kuma ya zama na ainihi. Ɗigo na ƙaryata takarda ne idan ta yi iƙirarin shekarun da ba a fara shi ba.

Mataki na 4: Karanta ƙananan rubutun ƙasa

A ƙarƙashin zane, hagu da dama, akwai sunaye da gajerun kalmomin Latin. "del." na nufin wanda ya zana, "pinx." wanda ya yi zanen fenti da aka kwaikwayo, "sc." ko "sculp." wanda ya sassaƙa faranti, "lith." wanda ya yi aikin dutse, "exc." wanda ya buga ya sayar. A Ingila, tun dokar 1735 da ta kare haƙƙin masu sassaƙa, akan sa ranar bugu da sunan mai shi, shi ya sa zanen Ingila ya fi sauƙin sa wa shekara.

Amma shekarar da ke jikin faranti ta faranti ce. Faranti na iya rayuwa ya bar mai shi. Goya ya yi aikinsa tsakanin 1810 da 1820, ya rasu a 1828, ba a buga jerin ba sai 1863, kuma an ci gaba da bugawa daga farantan nan har cikin ƙarni na 20. Kowane bugu na cin faranti. Bugun baya za ka ga siraran layuka sun dushe, inuwa ta yi toka-toka, fuska ta rasa kaifinta.

Mataki na 5: Yanzu kalli sojan

Kayan sarki kalanda ne ga wanda ya iya karanta shi. Jan wando na sojan ƙasa na Faransa daga 1829 ne zuwa farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kwalkwali mai tsini a ka na Furusiya, wata masarautar Jamus, ya fara a 1842. Bindigar Martini-Henry ta shiga hannun sojan Ingila a shekarun 1870, mai ruwa ta Maxim kuwa sai bayan 1884. In ka ga Maxim a zanen da aka ce na 1874 ne, ko taken ƙarya ne ko zanen na yaƙin baya ne, domin an sake kai wa Kumasi yaƙi a 1896 da 1900.

A yaƙin 1873 zuwa 1874 akwai baƙaƙen sojoji iri-iri, dillalai kuma kan haɗa su duka su ce Hausawa. 'Yan rundunar West India, waɗanda aka kawo daga tsibiran Karibiyan, suna sanye da 'yar shara mai ado a kan farar riga, da jar dara da aka naɗa wa farin rawani, kayan da aka ba su tun 1858. In ka ga haka, ba dakarun Glover ba ne. Idan kuwa ka ga baƙaƙen sojoji na jan ƙananan igwa ko suna harba roka a cikin kurmi, akwai kyakkyawan zato Hausawan Kyaftin Rait ne, don su suka riƙe igwa a yaƙin Amoaful ranar 31 ga Janairu 1874. Kalmar "Houssa" kanta a bakin Turawan faffaɗa ce. Duk ɗan arewa da ya shiga soja yana jin Hausa, haka suke kiransa, da yawa kuma bayi ne da suka gudo daga iyayen gijinsu.

Launi ma abin bincike ne. Shafukan yau da kullum na waɗannan jaridu baƙi da fari aka buga su. In ka ga mai launi, wani ne ya shafa daga baya, galibi dillali, don ya ƙara kuɗi. Yakan kuma tona kansa. Janar Wolseley, kwamandan Ingila a yaƙin, ya sa Turawan rundunarsa sun ajiye jajayen riguna sun sa masu ruwan toka saboda kurmi da zafi, har 'yan Sikotlan sun ajiye ɗan zanen da suka saba ɗaurawa a ƙugu. Mai fentin da bai san wannan ba sai ya mulka musu ja, tunda a kansa sojan Ingila ja yake sawa.

A ganina kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar zane na ainihi tamkar hoton kyamara. Melton Prior, wanda Illustrated London News ta tura yaƙin, yakan yi zayyanar gaggawa da fensir, jirgin ruwa ya yi makonni kafin ya kai ta Ingila, wani mai zane da bai taɓa taka Afirka ba ya sake zana ta a kan katako, ya cike abin da babu daga kansa. Shi ya sa ranar da ke saman shafi ke zuwa makonni bayan abin da ya faru, kuma shi ya sa hafsa Bature ke tsaye a tsakiya ƙirji a buɗe, sauran suna gefe. Takardar na iya zama gangariya, labarin da ke kanta kuma na mai jarida ne da masu sayenta.

Mataki na 6: Kwatanta

Gidan tarihi na British Museum, da National Army Museum na Landan, da Gallica ta ɗakin karatun ƙasar Faransa, da tarin Anne S. K. Brown na Jami'ar Brown a Amurka duk sun sa hotunan tarinsu a intanet kyauta, sau da yawa da awo. Auna naka da rula, daga bakin zane zuwa bakin zane, ka gwada. Bambancin milimita 2 ko 3 ba komai ba ne, takarda na shan ruwa tana ƙanƙancewa. Bambancin santimita kuwa magana ce. Idan naka ya juya, na dama ya koma hagu, sojoji duk sun zama bahagwai, wani ne ya kwaikwayi bugun a sabon faranti.

Mataki na 7: Ciniki

Sayen takarda ta intanet cinikin biri a sama ne, sai ka sa dillali ya sauko da shi. Nemi hoton gaba gaba ɗaya har da gefuna, hoton baya, hoton kusa na wani ɓangare mai duhu, da hoto ɗaya da haske a bayan takardar. Tambaye shi kai tsaye: wace shekara aka buga wannan takardar da ke hannunka? Ka lura da amsar, don "zanen 1826" da "bugun 1826" ba abu ɗaya ba ne. Tambayi ko launin na asali ne, ko an liƙa ta a kwali, ko an wanke ta. Wadda ke cikin firam, a ciro ta a ɗauki hoto, domin firam na ɓoye yagewa da datsewa.

Shafin jarida bai kamata ya yi tsada ba, an buga shi dubbai a mako guda. Wanda ya ce maka nasa shi kaɗai ya rage a duniya, yi masa sallama. Zane daga littafin 1826 ya fi ƙaranci, kuɗinsa ya fi. In ka ga hatimin wani ɗakin karatu, ko wurin da aka kankare hatimi, ka janye hannunka sai an nuna maka shaidar cewa ɗakin karatun ne ya sayar, don an sha yanke zane daga littattafan jama'a da reza. Ka roƙi a aiko maka a shimfiɗe tsakanin kwalaye biyu masu tauri, a sa cikin leda saboda ruwa, kada a naɗe. Lissafa kuɗin aikawa da na kwastan tun kafin ka ce na saya, sau da yawa sukan fi kuɗin takardar.

Mataki na 8: Ajiya a ƙasar zafi

Takardar da ta yi shekara 150 lafiya a Turai tana iya lalacewa a damina biyu a ɗakinka. Laima na kawo fumfuna da jajayen tabo, hunturu na busar da ita ta yi ƙaras, gara da kyankyaso kuwa ba sa tambayar shekara.

Kada ka kai ta a yi mata laminatin. Zafi da gam na shiga jikin takarda, ba a iya cirewa, darajarta ta tafi ke nan. Kada ka sa salatif a yagewa, bayan 'yan shekaru zai bar tabo ruwan ƙasa da ya ratsa har gaba. Kada ka goge tabo da ruwa ko bilic, kada ka datse gefe don ya yi kyau, kada ka sa mata dutsen guga. Duk wannan gyaran gangar Abzinawa ne. Ƙura kaɗai za ka iya kaɗewa, da burushi mai laushi, daga tsakiya zuwa waje.

Ajiye kowace a shimfiɗe cikin fayil na takarda marar asid, ɗaya ba ta taɓa ɗaya. Sa fayilolin a akwatin ƙarfe mai murfi, ka ɗora shi a kan tebur ko kanta, nesa da ƙasa da bangon da ruwa ke duka. Da damina ka jefa 'yan ƙunshin sinadarin shan laima irin wanda ke zuwa cikin kwalin sababbin takalma, ka riƙa canza su. Buɗe akwatin sau ɗaya a wata ka duba. Maganin ƙwari a fesa a ɗaki, ba a kan takarda ba. Hayaƙin girki da na janareta da na turaren wuta duk suna dafar da ita.

Idan ratayewa kake so, shawarata ka ɗauki hoto mai kyau ka buga kwafi ka rataye shi, na ainihin ya zauna a duhu. A gidajen da ba a rataye hoton mai rai ma, fayil ya raba gardama. In kuwa dole sai na ainihin, a sa kwali marar asid mai taga tsakaninta da gilashi don kada su manne, a riƙe ta da 'yan kusurwoyin takarda ba gam ba, a rataye inda rana ba ta kaiwa.

A bayan fayil, ba a jikin zanen ba, rubuta da fensir: sunan jarida ko littafi, ranar bugu, lambar shafi, awo da milimita, irin bugun, alamar cikin takarda in akwai, wurin wanda ka saya da ranar da ka saya, da duk aibin da ka gani ranar da ta iso. Kwafe taken zanen harafi da harafi yadda aka buga shi, ko da "Houssas" aka rubuta, sannan a ƙasa ka rubuta naka bayanin da Hausa.